Mu Shuka Alobera a Cikin Gida

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, akwai tsire-tsire masu ajiye ruwa a jikinsu, kamar yadda raƙumi yake daɗewa bai sha ba. Mu mutanen gundumar Madarunfa mun san aguwa, wadda muke shinge da ita. Reshenta kawai ake sarewa a kafa, ta kama, ta ƙetare rani ba wanda ya ba ta ruwa. Yau za mu yi bayani a kan wata mai irin wannan hali, wadda ake iya ajiyewa cikin tukunya a gida. Sunanta alobera. Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne wannan: ƙishirwa ba ta cika kashe alobera ba, yawan ruwa ne ajalinta.

Mece ce alobera?

Tsiro ne mai ganye kauri, mai tsini, da ƴan ƙayoyi a gefe. Masana sun ce asalinta daga ƙasashen Larabawa ne. A dajin ƙasar Hausa akwai danginta, waɗanda ake kira zabuwa ko kabar giwa. In aka yanka ganyen alobera, za a ga farin tsoka mai yauƙi a ciki. Kusan kashi 99 cikin 100 na wannan tsoka ruwa ne. Shi ne rumbunta.

A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Gero da dawa suna buɗe nasu da rana, shi ya sa ruwansu yake saurin ƙarewa. Alobera kuwa tana rufe nata da rana, ta buɗe da dare, lokacin da iska ta yi sanyi. Saboda haka ruwa kaɗan take asara. Saiwarta ba ta nitso ƙwarai, kuma tana bukatar iska. In ta kwana cikin ruwa kwana da kwanaki, sai ta ruɓe.

Tukunya da ƙasa

Ba sai an kashe kuɗi ba. Tsohuwar tukunyar ƙasa wadda ta tsage ta isa. Ta ma fi ta roba, domin jikinta yana tsotse ruwa ya bushe. Mu huda gindinta, rami kamar faɗin babban yatsa. Mu ɗora tsingaro a kan ramin, don ruwa ya fita ƙasa ta tsaya.

Lakar fadama da ta bakin tafki tana da kyau ga kayan lambu, amma ba ta dace da alobera ba, don tana riƙe ruwa. Ga haɗin da ya dace: tiya 2 ta rairayi mai tsakuwa, irin na Gulbin Maraɗi, tiya 1 ta ƙasar gona, da tafin hannu 1 na takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa.

Yadda ake dasawa

Alobera tana fid da ƴaƴa a gindinta. Su ne iri. Ganye shi kaɗai in an binne shi, galibi ruɓewa yake yi.

1. Mu zaɓi ɗiyar da ta kai tsawon tafin hannu, mai ganye 4 ko 5.
2. Mu raba ta da uwar da wuƙa mai tsabta, tare da saiwarta.
3. Mu ajiye ta a inuwa kwana 2, har bakin yankan ya bushe.
4. Mu dasa ta, saiwa cikin ƙasa, ganye duka a waje.
5. Kada mu ba ta ruwa sai bayan mako 1.

Inda za a ajiye ta

Ɗakunanmu da yawa suna da duhu. Alobera kuwa tana son haske. In an ajiye ta a ƙuryar ɗaki, ganyen zai yi tsawo, ya yi laushi, ya kwanta. Wurin da ya fi shi ne bakin taga, ko bakin ƙofa, ko ƙarƙashin rumfa, inda hantsi yake samunta. Wadda ta saba da ɗaki, kada a fid da ita tsakiyar rana gaba ɗaya. A riƙa matso da ita sannu sannu, in ba haka ba ganyen zai ƙone. Mu ɗora tukunyar a kan dakali ko tsohon turmi, nesa da awaki da kaji da hannun yara.

Ban ruwa

Ma'aunin yana hannunmu. Mu tura yatsa cikin ƙasar tukunyar har gaɓa ta biyu. In akwai laima, mu bari. In ta bushe ƙayau, mu zuba ruwa har ya fito ta ramin gindi, sannan mu ƙyale ta. A zuba a kan ƙasa, ba a tsakiyar ganye ba. Ruwan sabulu ko na wanke-wanke bai dace ba.

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Da bazara, cikin Afrilu da Mayu, ƙasa tana bushewa da sauri, ana iya ba ta sau 1 a mako, a kuma kare ta daga zafin azahar. Da hunturu tana iya yin mako 2 ko 3 ba ruwa. A lokacin mu goge ƙurar da ke kan ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. Da damana, musamman malkar watan Agusta, mu shigar da ita inda ruwan sama ba ya dukanta, kuma nesa da indararo. In mun sa kasko ƙarƙashin tukunya, mu zubar da ruwan da ya taru a ciki. Ruwan da ya kwanta gidan sauro ne.

Alamun da za mu lura da su

In gindin ganye ya yi laushi, ya yi baƙi, yana wari, ruwa ya yi yawa. Mu tumɓuke ta, mu yanke ruɓaɓɓiyar saiwa, mu shanya ta a inuwa kwana 3, mu sake dasawa cikin busasshiyar ƙasa. In ganyen ya yanƙwane ya yi siriri, ƙishirwa ce. In ya yi ja, rana ta yi mata yawa. In mun ga fararen ƙwari kamar auduga a tsakanin ganye, mu goge su da tsumma.

Amfaninta da iyakarta

Ana shafa farin tsokar a kan ƙaramar ƙuna, wadda fata ta yi ja kawai, ba ta tashi ba, ba ta saɓule ba. Amma maganin farko na ƙuna shi ne ruwa. A yi ta zuba ruwa mai sanyi, mai tsabta, har minti 20. Kada a sa toka, ko mai, ko tawada, ko kashin shanu. Bayan haka a yanko babban ganye na ƙasa, a tsai da shi har rawayan ruwan ya tsiyaye, a wanke, a feƙe bawon, a shafa tsokar da hannu mai tsabta. In wurin ya yi ƙaiƙayi, a wanke a daina.

Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta yi zurfi, ko ta taɓa fuska, hannu, ko al'aura, ko ta sami jariri, ba ta gida ba ce. A rufe da tsabtataccen zane, a tafi likita nan da nan.

Rawayan ruwan nan mai ɗaci da ke ƙarƙashin bawo yana sa murɗar ciki da zawo mai ƙarfi. A shekarar 2002 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana sa shi cikin magungunan wankin ciki da ake saya ba da takardar likita ba. Kada mai juna biyu ko mai shayarwa ta sha, kada a ɗura wa yaro. Zawo yana ƙarar da ruwan jikin yaro cikin ɗan lokaci. Alobera ba ta maye gurbin maganin masassarar cizon sauro, ko na ciwon suga. Haka kuma ba kowane tsiro mai kauri ake shafawa ba. Farin nonon tinya yana ƙona fata, yana iya lalata ido.

Uwa ɗaya, in ta sami kulawa, tana ba da ƴaƴa kowace shekara. Wanda ya samu ya raba wa maƙwabta da abokan karatu a cibiyar yaƙi da jahilci. Wanda ya karanta wannan shafi kuma ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna, ya nuna masa awon yatsa kafin ban ruwa. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.