Bakwaini a Hannun Malamar Jinya

Yau shirin namu zai leƙa ɗakin jariran da suka zo duniya da rauni: bakwaini, da wanda bai kai kilo 2.5 ba, da wanda ya sha doguwar naƙuda har ya faɗo bai yi kuka ba.

Tun kafin albishir ya kai ga masu jira a waje, malamar jinya ta fara lissafi. Tana duba bugun zuciyar jariri, da numfashinsa, da ƙarfin gaɓoɓinsa, da yadda yake motsi idan an taɓa shi, da launin jikinsa. Kowanne tana ba shi maki daga 0 zuwa 2, a minti na farko, sannan a na biyar. Wata likita 'yar Amurka, Virginia Apgar, ita ta tsara wannan awo a 1952, kuma har gobe da sunanta ake kiran sa. Maki 7 zuwa 10, a yi hamdala. Amma idan an goge jariri bai ja numfashi ba, ba a tsayawa ƙirga maki. Cikin minti ɗaya ake so a fara hura masa iska da 'yar jakar roba.

Aikin da ya fi nauyi yana gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin cikinsu ya cika mako 37. Irin wannan jariri fatarsa siririya ce, ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi, kuma ba ya iya faɗa wa kowa abin da ke damun sa. Sai an karanta a jikinsa.

Ku dubi malamar nan da tsakar dare. Ta wanke hannu, ta ɗaga zani a hankali, idonta na kan ƙirjin da bai fi tafin hannunta ba. Tana ƙirga numfashi na minti guda cur, ba ta yanke ba, domin bakwaini kan yi ɗif na ɗan lokaci sannan ya ci gaba. Idan ya haura 60, ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa, ko yana nishi, ta san akwai magana. Ta taɓa tafin ƙafarsa da bayan hannunta, ta sa ma'aunin zafi a hammata, tana neman digiri 36.5 zuwa 37.5. Da gari ya waye, ta kai shi wajen haske ta danna goshinsa da yatsa ta saki, ko shawara ta fara. Wanda ba ya iya tsotso, a tatso nonon uwarsa a ba shi da ɗan kofi ko ta siririn tiyo. Wannan aiki ne na haƙuri, kuma wallahi ba a yaba wa masu yin sa yadda ya kamata.

To, ina za a sami kwalbar ɗumama jarirai da za ta ishi kowane bakwaini, ga kuma halin wutar lantarki? Ƙarancin irin wannan kwalba ne ya sa likita Edgar Rey, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, ya fara wata dabara a 1978: a ɗora jariri tsirara, da hula da kunzugu kawai, a tsakanin nonuwan uwa, fata da fata, a ɗaure da zani. Matanmu sun gwane da goyo. Wannan goyon ƙirji ne. Wani bincike da aka buga a 2021, wanda aka yi a Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Ile-Ife a Nijeriya, ya nuna fara goyon nan da zarar an haihu ya rage mutuwar jariran da ba su kai kilo 1.8 ba da kusan kashi 25 cikin 100. Idan uwa ta gaji, maigida ma ƙirjinsa na da ɗumi, haka kaka.

Iyayenmu kakanni da ungozomomi, muna roƙon arziki. Idan an sallamo bakwaini, a sassauta yawan wanka, musamman da hunturu. A bar gashin cibiya, a shafa maganin da asibiti ta bayar. A raba kayansa da ƙwallon kafur, domin yana iya tayar wa wasu jarirai shawara mai tsanani. 'Yan barka su yi addu'a daga nesa, kada a riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu. Mai jego kuwa, kafin ki baro asibiti, ki ce malama ta koya miki ƙirga numfashin nan. Idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko ya yi jijjiga, ko tafin ƙafarsa ya yi rawaya, kada a jira gari ya waye, a nemi abin hawa a koma asibiti.

Nan za mu dasa aya. Allah Ya raya mana su, a kasance lafiya.