Takin Kwata da Gubar da Ido Ba Ya Gani

Takin zamani ya yi tsada, saboda haka mai lambu a fadamun Sabon Birni da Isa yakan kai ido ga sharar juji da baƙar lakar da ake yashewa daga kwata. Gaskiya ne suna sa shuka ta yi kore shar. Amma akwai abin lura.

Duk abin da gari ya zubar, a kwata da juji yake taruwa: mataccen batir, ragowar fenti, baƙin man injin. A cikinsu akwai ƙarafa masu guba, kamar dalma da kadmiyam. Kashin dabba yakan ruɓe ya zama ƙasa, amma ƙarfe ba ya ruɓewa. Yakan zauna a gona shekara da shekaru, saiwa tana zuƙarsa kaɗan-kaɗan. Kayan ganye, irin su alayyafo da latas, sun fi tumatir tara shi.

An ga haka a Kano. Rafin Jakara yana kwashe ƙazantar birni, ya haɗu da Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, kuma da ruwan nan ake ban-ruwan lambuna. Masana da suka auna ƙasar wurin da ganyayenta sun sami dalma da kadmiyam, da kuromiyam irin na gidajen jima.

Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, kadmiyam kuwa ƙoda da ƙashi yake ci. A shekarar 2010, ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400 a Zamfara. Ta cikin ganye ba ta kisa farat ɗaya haka, sai dai ta yi ta taruwa a jiki ba a sani ba. Wankewa tana kawar da ƙurar da ke bisa ganye, dafuwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma gubar da ta riga ta shiga ciki tana nan.

To, ga abin yi:

1. A fi dogara ga kashin shanu, awaki da kaji, da takin gargajiya na rami.
2. In za a kai shara gona, a tsince batir, gwangwani da leda tukuna.
3. Lakar kwatar da ta bi ta garejin makanikai ko wurin masu cajin batir, kada ta shiga lambu.
4. A wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a dafa.

Abin da muka ba ƙasa, shi za ta ba 'ya'yanmu. Rigakafi ya fi magani.