Makarantar Cikin Falo: Yadda Muke Raba Yini a Hindawiyya

Jidda gari ne da ba ya kwanciya da wuri. Duk wanda ya zauna a Hindawiyya ya san unguwa ba ta cika sai bayan sallar isha'i: masu tsire su hura gawayi, yara su fito lungu da ƙwallo, mata su shiga zumunci gida-gida, a kai ƙarfe biyu na dare ana hira kamar yanzu aka yi magariba. Zafi da gumin bakin teku ne suka koya wa mutane haka, ban ga laifin kowa ba. Amma uwar da ta ɗauki nauyin koyar da 'ya'yanta a gida, da wannan dare za ta fara kokawa tun kafin a kai ga maganar littafi. Yaron makarantar gwamnati ƙararrawa ce ke jiransa wajen ƙarfe bakwai na safe, dole ya tashi. Naki babu mai jiransa sai ke.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya tambaya, me ya kai mutum ga koyarwa a gida a ƙasar da makarantu suka wadata? Hausawan nan iri-iri ne. Akwai jikokin waɗanda suka taso bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, da waɗanda suka biyo hanyar hajji da ƙafa ta Chadi da Sudan suka haye teku daga Sawakin. Da yawansu 'yan ƙasa ne yau, sunayensu na ƙarewa da Hausawi ko Fallata ko Barnawi, 'ya'yansu na makaranta kamar kowa. Akwai masu igama, wato takardar izinin zama. Akwai kuma waɗanda aka haifa a nan, ba su san wata ƙasa ba, amma babu takarda a hannu, alhali shiga makaranta ba takarda abu ne mai wuya. Su ma masu igamar, tun Yulin 2017 aka sa kuɗin wata-wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin ma'aikaci baƙo, aka fara da riyal 100, ya hau har 400 a 2020. Magidanci mai mata da 'ya'ya huɗu, riyal 2,000 ke nan duk wata, kafin haya, kafin cefane, kafin kuɗin makarantar kuɗi. Wasu suka mayar da iyali gida. Wasu suka zauna, falo ya zama aji. Mafi yawanmu ba sha'awa ce ta kai mu ba, larura ce, kuma larurar ba ta ba mu izinin yin aikin da wasa ba.

Ni ban rataye yinin gidana a agogon bango ba, a kiran salla na rataye shi. Yaro zai yi gardama da uwarsa a kan ko tara ta yi ko ba ta yi ba, amma ba ya gardama da ladan, ga masallatai ta kowace kusurwa. Asuba a Jidda tana matsawa da fiye da sa'a ɗaya tsakanin lokacin zafi da na sanyi, jadawalin sai ya riƙa matsawa da ita ba tare da na sake rubuta komai ba.

Daga sallame asuba har rana ta fito, Alƙur'ani ne kawai. Kowa ya fara kawo na jiya da ka, sannan a biya masa sabo. Ƙanana suna kan Nuraniyya, ɗan littafin nan na koyon baƙi da wasali da ya cika gidajen Jidda. A nan akwai abin da ya kamata iyaye su yanke tun farko. Mu da muka taso da allo da tawada, Warshu muka karanta, muka bi ta babbaƙu da farfaru. Masallatan nan kuwa Hafsu ake karantawa, da mus'hafin Madina. Duka biyun ruwayoyi ne ingantattu, amma yaro ɗan shekara shida da ke jin ɗaya a bakin uwa da asuba, ya ji ɗaya a bakin malam da la'asar, harshensa ruɗewa yake. Na zaɓa wa nawa Hafsu saboda shi ne a kunnensu dare da rana. Warshun kakanninsu yana nan yana jiransu in sun sauke.

Sai karin kumallo. Babban ɗana ke zuwa sayo tamis da ful, kuma ba ya ajiye leda sai ya faɗa mini nawa na ba shi, nawa ya kashe, nawa ya rage, har halala, wato kwabon riyal. Daga nan kowa ya yi wanka ya sa tufafin fita, ko da ba inda za shi. Wata maƙwabciyata ta taɓa ce mini, "Haba Yaya, wankin ba ya isar ki?" Yana isa ta. Amma yaron da ke zaune da kayan barci, barci yake ji, kuma tufafin ne ke gaya masa gari ya waye, an shiga wani abu dabam.

Hantsi zuwa azahar shi ne jarin yinin gaba ɗaya, a nan nake zuba duk abin da ke buƙatar kai: lissafi da farko, sai Turanci, sai rubutun Larabci. Abin da ya fi wuya shi ne ajin ba tsara ɗaya ba ne. Ga mai koyon raba lamba, ga mai koyon riƙe fensir, ga na goye yana jan zane. Dabarar da na zauna a kai ita ce in zauna da ɗaya kamar minti ashirin, in bar masa aikin da zai iya shi kaɗai, in juya ga na biyu. Ƙarami ba ya wuce sa'a ɗaya da rabi a zaune duk safiyar, sauran wasa ne a kusa da ni. Girkin rana kuwa tun dare nake yanka abin yankawa, domin tukunya ita ce ta fi kowa satar lokacin karatu. Waya tana cikin ɗaki a kife. 'Yan'uwa na Kano sun riga sun san ba a samuna kafin azahar.

Akwai abin da ke ci mini rai a gidaje da yawa, kuma zan faɗe shi ƙarara. In uwa na fita aikatau ko talla, babbar 'ya ce ke zama uwa, ita ce malama, ita ce mai wanke-wanke. Ƙannenta su iya karatu, ita ta tsaya inda take tun tana shekara goma sha ɗaya. Na yarda ta biya wa ƙanenta darasi, mai koyarwa ma yana ƙaruwa. Amma a rubuta mata nata lokacin a jadawali, a tsare shi kamar yadda ake tsare na namiji, kada a aike ta a cikinsa, kada a miƙa mata jariri. A lungunmu mun taɓa haɗa gidaje uku: wadda ta fi ƙarfi a lissafi ta ɗauki yaran kwana biyu, mai Turanci kwana biyu, wadda ke fita aiki ta ɗauki nauyin littattafai da abin taɓawa. 'Yan matan gidajen nan sai da aka yi haka suka samu zama su ma. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura malamai mata da ake kira jajis ƙauyuka suna koyar da mata a cikin gidajensu tun ƙarni na 19.

Azahar zuwa la'asar ba na neman komai a wurin kowa. Ƙasar da hukuma ke hana lebura aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ba wurin da za a tilasta wa yaro haddar jadawalin sau ba ne a wannan lokaci. A ci abinci, a yi ƙailula. Sai dai kada barcin ya zarce la'asar, in ya zarce daren ya lalace.

Bayan la'asar maza su tafi halƙar masallaci. Jidda na da halƙoƙin haddar Alƙur'ani masu yawa, da dama a ƙarƙashin ƙungiyar Khairukum. Ina son wannan fita ko don yaro ya zauna gaban wani malami da ba uwarsa ba, ya ji an gyara wa wani, ya ga wanda ya fi shi. Ɗan gida da bai taɓa ganin wanda ya fi shi ba yakan ɗauka ya gama sani.

Tsakanin magariba da isha'i a nan sa'a ɗaya da rabi ce cif, bisa lissafin Ummul Ƙura, kuma wannan na ware wa Hausa. Yaranmu da Larabcin Hijaz suke wasa, da shi suke faɗa, Hausarsu ta aike ce da gaisuwa. Nakan karanta musu Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, in tsaya in sa ɗaya ya maimaita labarin da bakinsa, wani ya karanta shafi guda. Maigida in ya dawo da wuri shi ke karɓa, yaran kuma sun fi natsuwa da muryarsa. Ranar da za a koma gida, da shiri ko ba shiri, yaron da ba ya karanta Hausa da Turanci baƙo zai zama a garin ubansa. Bayan isha'i a ci abinci, ƙarfe goma a kashe fitila. Nan ne ake kuka, domin ana jiyo ƙwallo a lungu. Daren Alhamis da na Juma'a nakan sake su.

Makonmu Lahadi zuwa Alhamis ne, tunda a 2013 aka mayar da hutun ƙasar Juma'a da Asabar. Alhamis ba a sabon darasi, bita ce da ɗan gwaji. Da azumi kuwa gari gaba ɗaya juyewa yake, isha'i ma sai bayan sa'a biyu da magariba. Ba na ja da watan: lissafi ya koma sa'a ɗaya bayan azahar, sauran Alƙur'ani.

Shekarar korona ta kawo mana abin da ba mu zata ba. Da aka rufe makarantu a Maris na 2020, darussan manhajar Saudiyya suka cika tashoshin Ain a talabijin da YouTube, mai takarda da marar takarda duk suna iya kallo. Har yanzu ina ɗauko darasin kimiyya daga can, in zauna tare da su a kalla, don allo in ba babba a kusa yakan kai yaro inda ba a aike shi ba. Sai rushe-rushen tsofaffin unguwanni da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya ci Gulail da Sabil da Karantina, ya taɓa Hindawiyya. Gidajen nan uku da muka haɗa suka watse, kowa inda ya samu haya. Waɗanda suka riga suka saba da tsarin yini, cikin 'yan kwanaki suka ci gaba a sabon wuri. Waɗanda karatunsu ya dogara da wata malama guda a lungu, wasunsu sun yi watanni ba su buɗe littafi ba.

Karatun gida ba ya ba da shaida, wannan kuma shi ne rauninsa babba. Don haka tun yaro na ƙarami ya kamata iyaye su san jarrabawar da suke nufa da shi. In Najeriya ce, a sa masu zuwa umara su taho da littattafan manhajar can, aji bayan aji, a kuma tuna akwai makarantar Najeriya a Jidda, hukumar JAMB ma takan yi jarrabawarta a garin. Ni ina da babban littafi mai bango, kowane yaro da sashensa. Duk Alhamis nakan rubuta kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, surar da ya kai, shafin lissafin da ya tsaya, da abin da ya gagare shi. Duk makarantar da za ta karɓe shi wata rana, a nan ko a Kano, za ta tambayi ajin da za a sa shi, littafin nan zan buɗe musu.