Lissafin Mai Gidan Haya: Me Ya Sa Haya Ke Hawa, Gidajen Talaka Kuma Ba Sa Ƙaruwa?

Duk wanda ke zaune a gidan haya a Kano, Kaduna ko Abuja ya san faɗuwar gaban da ke zuwa idan shekara ta kusa cika. Dillali ne zai yi sallama, a gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya sassauta murya ya ce Alhaji ya ce a shaida maka bana akwai ƙari. A wurin ɗan haya wannan zalunci ne tsagwaronsa. Gidan da aka gina shekara goma da suka wuce, ba a ƙara masa ko bulo ɗaya ba, me ya haɗa shi da tsadar simintin bana? Tambayar tana da ƙarfi. Sai dai shi ma mai gidan yana da nasa lissafin, kuma a cikin wannan lissafi ne za a gane abin da ya sa masu kuɗi ke ta sayen filaye alhali ɗakin da talaka zai kama sai ƙara wahalar samu yake yi.

Masu gidaje kan soma labarin daga ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Hauhawar farashi, wadda ke kan kashi 22 cikin ɗari da ɗoriya lokacin da gwamnatin ta hau, ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Gini kuwa ba abin da ya kai shi jin jiki, domin tipar yashi da man dizal take tafiya, rodi da tayil da wayar wuta da kayan famfo kuma farashinsu na bin dala sau da ƙafa. Buhun siminti da ke wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a wurare da yawa a Fabrairun 2024, har sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge, aka tsayar da cewa a riƙa sayar da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Kasuwa ba ta daɗe tana biyayya ga wannan yarjejeniya ba.

To amma gidan ai an riga an gina shi. Amsar mai gida ita ce gida ba a gama gina shi. Ɗan haya ya tashi, ka buɗe ƙofa ka tarar silin ya yi baƙi inda kwano ke yoyo, kan famfo ya karye, sokawe ta cika, yara sun zane bango da gawayi, ga bashin wutar lantarki na wata da watanni an bar maka a kan mita. Kafin wani ya shiga sai an kira birkila da kafinta da mai fenti, kuma kowannensu da farashin bana zai yi maka magana. Ga kuma wanda ba ya biya. Idan ɗan hayar shekara ne, doka a yawancin jihohi ta ce sai an ba shi wa'adin wata shida, a ƙara masa na kwana bakwai, kafin a kai gaban alƙali. Mu kuma a nan, tun kafin a kai ga kotu, limamin unguwa ya zo, mai unguwa ya aiko, surukin wane ya sa baki a yi haƙuri. Masu gidaje da yawa sun yafe kuɗin shekara guda don kunya, suka koma gida suna cizon yatsa.

Ga inda lissafin ya fi ɗaukar hankali. A ɗauka mutum ya kashe naira miliyan 30 wajen sayen fili da gina gida mai ɗaki uku, ya ba da shi haya kan miliyan 1.2 a shekara. Kashi 4 cikin ɗari ke nan na abin da ya zuba, kuma sai ya yi shekara 25 yana karɓa kafin uwar kuɗinsa ta dawo, in ba a cire gyara da watannin da gidan ya zauna babu kowa ba. A ƙarshen 2024 kuwa Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5, takardun bashin gwamnati suna biyan ninki huɗu ko biyar na abin da hayar ke kawowa. Wanda ke gudun kuɗin ruwa, kamar da yawa daga attajiranmu, shi ma da ya sa kuɗin a hatsi ko dabbobi da ya fi ganin juyi. Idan da kuɗin haya ne kaɗai abin nema, babu ɗan kasuwa mai hankali da zai gina gidan haya a Najeriya a yau.

Amma ana ginawa, kuma masu shi ba sa sayarwa. Dalili shi ne ribar tana cikin ƙasar da gidan ke kai. Wanda ya ajiye naira miliyan 10 a banki a farkon 2023, idan aka auna da dala ya rasa wajen kashi biyu cikin uku na darajarta kafin shekara biyu. Wanda ya sa ta a fuloti a bakin gari, inda titi da turakun wuta ke tunkara, yawanci ya tsira. Mutanen Kano sun gani da idonsu yadda gonakin Rijiyar Zaki da Ɗanbare da bayan Hotoro suka zama unguwanni. Fili ya zama rumbun da gara ba ta ci, shi ya sa kowa ke kai kuɗinsa can, daga ɗan kasuwar Kantin Kwari har ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama.

Wannan dabara tana da kyau ga mai ita, amma ga gari illa ce. Tunda ajiya ake nema, ba dole ba ne a gina komai. A zagaye da katanga a sa ƙofa ya wadatar. Idan za a gina, an fi son jerin shaguna a bakin titi ko katafaren gida na masu hali, domin ɗan kasuwa ya fi saurin biya, kuma mutum ɗaya mai kuɗi ya fi sauƙin sha'ani a kan magidanta takwas masu ciki da falo. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda gwamnatin Kano ta gina tsakanin 2011 da 2015, da yawansu sun yi shekaru a kulle bayan an saye su. A daidai lokacin, magidanta na cunkushe a lungunan Kurna da Brigade.

Idan hira ta kai kan gwamnati, mai gida ya fi ɗaga murya a kan takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke samu izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna. Neman takardar shaidar mallaka na cin lokaci da kuɗi, shi ya sa mutane da yawa suka tsaya ga awon igiya, da takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Irin wannan takarda banki ba ya karɓarta jingina. Wanda ma ya samu ta gwamnati bai cika yin barci da ido biyu rufe ba. A Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, tana cewa an raba wuraren ba bisa ƙa'ida ba, masu shagunan kuwa suna riƙe da takardun gwamnatin da ta gabata. A Abuja, a Maris na 2025, hukumar birnin ƙarƙashin Minista Nyesom Wike ta soke takardun filaye sama da 4,000 saboda rashin biyan harajin ƙasa. Ko wane ne mai gaskiya a waɗannan rigingimu, darasin da mai zuba jari ya ɗauka ɗaya ne: ka kwashi kuɗinka da wuri, don ba ka san wanda zai hau gobe ba.

Rance kuwa ba a maganarsa. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 yana yankar kashi 2.5 na albashin ma'aikaci, da alƙawarin bashi mai ruwan kashi 6 ta hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, amma masu biya sun ninninka masu samu. Yawancin gidajenmu da kuɗin aljihu ake gina su, bana a ɗora bulo, baɗi a yi rufi.

Duk da haka, a ganina akwai inda hujjar masu gidaje ta ƙare, kwaɗayi ya karɓa. Wanda darajar filinsa ta ninka, kuma ya ninka wa ɗan haya kuɗi a zama ɗaya, ya ci riba sau biyu a kan musiba ɗaya. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, wato 840,000 a shekara. A ce wa mai wannan albashi ya kawo kuɗin shekara biyu a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin yarjejeniya, ai kora ce da ba a furta ba. Jihar Legas ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya tun 2011, duk da cewa ana karya dokar a fili, saboda inda masu nema suka fi ɗakuna yawa, mai ɗaki ne ke yanke hukunci.

Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, mai soma aiki daga Janairun 2026, ta ba ɗan haya damar cire kashi 20 na kuɗin hayarsa, iyaka naira 500,000, daga kuɗin shigar da za a yanka masa haraji. Sauƙi ne, amma ga wanda ke biyan haraji kaɗai, kuma sai ya bayyana abin da yake biya. Ke nan kuɗin da masu gidaje ke karɓa hannu da hannu zai soma fitowa a takarda, kuma ba wuya wasunsu su ɗora wa ɗan haya duk abin da hukuma ta nema.

Aikin da ya fi gaggawa yana hannun gwamnoni, tunda doka su ta ba filaye. Su sauƙaƙa takardar mallaka, su yanka fuloti a inda suka kai hanya da ruwa, su mutunta takardar da magabatansu suka bayar matuƙar an bi ƙa'ida, sannan su ɗora haraji mai nauyi a kan filin da aka katange aka bari shekara da shekaru a tsakiyar gari. Kai kuma ɗan haya, kafin ka miƙa kuɗin bana, ka nemi a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a faɗi wanda gyara ke kansa da lokacin da za a iya yin ƙari, kuma kada ka tashi daga wurin sai da rasit a hannunka.