A Auna Suna Kafin A Ja Layi

Dattawan da suka yi aikin ofis a zamanin En'e, kafin a mai da ita ƙaramar hukuma a 1976, sun san ba a sakin sabon akawu ya taɓa littafin haraji sai ya iya jan layi da rula da jan tawada. Abin da aka fara koya masa shi ne ya dubi abin da zai rubuta tukuna, sa'an nan ya yanka wa kowane abu fili gwargwadonsa. Yau rula ta koma cikin kwamfuta, amma ƙa'idar ba ta tsufa ba.

Abin da ya sa muka ta da maganar nan shi ne takardun sakamakon jarrabawa da mu ke gani daga makarantu, tun daga ƙasar Gulma da Argungu har Birnin Kebbi. Galibi jadawalin da ke cikinsu ɗakunansa duk faɗinsu ɗaya ne, watau ɗakin lamba mai harafi biyu ya sami fili daidai da ɗakin suna. Dalili kuwa shi ne, in aka ce wa Word ta shata jadawali, raba faɗin takarda ta ke yi daidai wa daida, don ba ta san abin da za a zuba ba.

To, ga lissafin. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne. In aka bar gefen da Word ta saba bari, watau 2.54 dama da hagun, saura wajen 15.9. Jadawali mai ɗaki 7, kowane ɗaki zai tashi da 2.3 ke nan, wanda ba ya ɗaukar ko suna ɗaya dogo kamar Abdurrahman. Sai sunan ya karye hawa uku, aji guda ya ci takarda biyu. Daga nan mai bugawa ya shiga gutsure sunaye don su shiga.

Nan ne ɓarnar ta ke. A ƙasarmu aji ɗaya ya kan tara Muhammadu Abubakar biyu ko uku, ba abin da ya raba su sai suna na uku, wanda sau da yawa sunan gari ne, wannan Gulma, wancan Augie. Ran da aka yar da na ukun saboda ƙarancin fili, makin wani na iya komawa ga wani, yaron da ya ci ya zauna, wanda ya faɗi ya wuce.

Gyaran ba wuya. Da fari a tabbata takardar da kwamfuta ta ɗauka A4 ce, domin wata ta kan zo da awon takardar Amurka, wadda ta fi faɗi kaɗan, ta kuma fi gajarta. Sa'an nan a kai kibiyar linzami kan layin tsaye da ke tsakanin ɗaki biyu, har ta rikiɗe ta zama mai kai biyu, a danne a ja dama ko hagun. Wanda ya riƙe maɓallin Alt yana ja, zai ga awon kowane ɗaki ya fito a kan rular sama. In kuwa aka danna layin sau biyu a jere, ɗakin zai daidaita kansa da rubutun da ke ciki.

Akwai tarko guda. In an haskaka gurbi ɗaya tak aka ja layinsa, gurbin kaɗai zai motsa, jadawali ya karkace kamar dangar da iska ta buga. Saboda haka a sake shi tukuna, ko a haskaka ɗakin duka daga sama har ƙasa.

Amma hanyar da muka fi yaba wa ita ce a shiga wurin siffofin jadawali a rubuta awon da hannu. Ga misali: lamba 1.2, suna 6.5, darussa huɗu kowanne 1.6, jimla 1.8. In aka tara, 15.9 ke nan cif. Bayan haka a zaɓi umurnin da ke kafe faɗin ɗakuna, don kada su riƙa motsi in ana rubutu. Idan darussa sun yi yawa, kada a matse suna; a kwantar da takardar, faɗi ya koma wajen 24.6.

Muna roƙon shugabannin makarantu da magatakardan ofisoshi, kowa ya sa a gyara jadawali ɗaya mai kyau a ajiye, a riƙa kwafarsa kowane zango. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Sunan yaro kuwa amana ne a hannun mai rubuta shi, lalle ne a ba shi filin da zai zauna cikakke. Allah ya sa mu dace, amin.