Hashiya a Zamanin Intanet: Yadda Ɗalibai Ke Taruwa a Kan Shafi Guda

Daga cikin matsalolin da suka daɗe suna ci wa malaman jami'a tuwo a ƙwarya akwai ta ɗalibin da ke shigowa aji bai karanta abin da aka ba shi ba. Malami ya sa a karanta babi kaza kafin ranar darasi, amma ba shi da hanyar sanin wanda ya karanta, balle ya san inda karatun ya cije. Abin ya ƙara tsanani a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, darussa da yawa suka koma intanet. Ɗaya daga cikin dabarun da suka sami karɓuwa a wannan hali ita ce hashiyar haɗin gwiwa, wato a ɗora rubutu guda a dandalin darasi, ɗalibai su riƙa rubuta tambayoyi da bayanai a gefensa, kowa yana ganin na kowa.

Asalin Dabarar

Rubutu a gefen littafi ba sabon abu ba ne. Duk wanda ya taɓa duba tsofaffin littattafan malaman zaure na Kano ko Sakkwato ya ga yadda ake cika gefen shafi da tsakanin layuka da fassara da ƙarin bayani, wani da Larabci, wani da ajami. A Faransa ma, a gefen wani littafin lissafi ne Pierre de Fermat ya rubuta shahararriyar da'awarsa a wajajen 1637, wadda ba a tabbatar da ita ba sai a 1994 ta hannun Andrew Wiles. Sai dai irin wannan hashiya tana zaune ne a kwafi guda, ba mai amfana da ita sai wanda littafin ya faɗa hannunsa.

Tun a 1993 masu ƙera Mosaic, ɗaya daga cikin manhajojin farko na leƙa shafukan intanet, suka jarraba sanya hashiyar jama'a a cikinta, daga baya aka jingine ta. A 2011 Dan Whaley ya kafa Hypothesis a Amurka, a 2015 kuma Perusall ta fito daga Jami'ar Harvard, inda malamin kimiyyar fiziya Eric Mazur ya gina ta tare da Gary King da Brian Lukoff da Kelly Miller. A 2017 ne ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta amince da ƙa'ida ta bai ɗaya game da yadda za a adana hashiya.

Yadda Take Aiki

Manhajar ba ta taɓa ainihin rubutun. Abin da take yi ya yi kama da shimfiɗa farar leda a kan shafi a yi rubutu a kanta. Idan ɗalibi ya zaɓi jimla ya yi sharhi, na'ura za ta adana sharhin a wani wuri dabam, tare da kalmomin da ya zaɓa, da 'yan haruffan da suka gabace su da waɗanda suka biyo bayansu, da kuma matsayinsu a shafin. Da waɗannan alamomi take gano gurbin sharhin duk lokacin da aka buɗe shafin. In kuwa aka goge jimlar ko aka sauya ta ƙwarai, sharhin ya rasa madafa; a Hypothesis maraya ake kiran irinsa. Saboda haka bai kamata malami ya gyara rubutun ba bayan ɗalibai sun soma aiki a kansa.

Matakan Shirya Aikin

Matakin farko na jami'in da ke kula da dandalin makaranta ne. Dandali irin su Moodle da Canvas da Blackboard suna karɓar manhajojin waje ta wata ƙa'ida da ake kira LTI. Da zarar an haɗa, ɗalibi ba ya bukatar buɗe sabon asusu, kuma makinsa na iya wucewa kai tsaye zuwa rajistar darasin.

Na biyu shi ne zaɓen rubutu. A nan ne malamai da dama ke tuntuɓe, domin shafin da aka ɗauki hotonsa kawai hoto ne a wurin na'ura, ba ta ganin haruffan da ke cikinsa. Wajibi ne a bi da shi ta manhajar da ke gane haruffa kafin a ɗora shi, sannan a tabbatar cewa an sami izinin mai haƙƙin mallaka, ko kuwa rubutun na kowa da kowa ne.

Na uku, a kasa ɗalibai rukuni-rukuni. Idan ɗalibi ɗari uku suka taru a kan shafi goma, na farko-farko za su cinye duk abin faɗa, na baya su tarar da shafi ya cika maƙil. Ƙaramin rukuni kan bar wa kowa gurbi.

Na huɗu, a fayyace abin da ake bukata. Umarnin da ya tsaya ga yawan sharhi kan haifar da tarin "na yarda" da "haka yake". Ya fi kyau a ce, alal misali, kowa ya kawo tambaya guda a inda bai gane ba, ya amsa ta wani, ya kuma danganta wata jimla da darasin da ya gabata. Haka nan yana da amfani a sa wa'adi biyu, na farko don sharhi, na biyu don amsa, domin kada kowa ya jira daren ƙarshe a rasa mai amsa wa wani.

Na biyar, kuma mafi muhimmanci, malami ya karanta abin da aka rubuta kafin ya shiga aji, ya gina darasinsa a kan wuraren da tambayoyi suka taru. Perusall takan tattara masa irin waɗannan wurare a taƙaitaccen rahoto. Ɗaliban da suka lura ba a waiwayar tambayoyinsu ba sa daɗewa suke yin sanyi.

Amfani da Hattara

A wani bincike da Miller da abokan aikinta suka buga a 2018 a kan ɗaliban fiziya na Harvard, an gano cewa akasarin ɗaliban sun kammala karatunsu kafin aji, kuma sun fi takwarorinsu da ba su yi amfani da dandalin ba samun maki a jarrabawa. Ya dace mai karatu ya lura cewa masu binciken su ne suka gina manhajar, kuma darasi ɗaya aka duba. Duk da haka, wasu fa'idojin a fili suke. Ɗalibin da kunya ke hana shi ɗaga hannu a aji yakan iya rubuta tambayarsa, sa'an nan ya ga cewa ba shi kaɗai ne wurin ya ɗaure wa kai ba. Bugu da ƙari, rubutu bai kai bidiyo cin kuɗin data ba.

Akwai kuma abubuwan lura. Wasu manhajojin suna ƙirga tsawon lokacin da ɗalibi ya yi a kowane shafi, har su ba shi maki da kansu. Haƙƙin ɗalibi ne a sanar da shi abin da ake tattarawa a kansa. Daɗin daɗawa, tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, abu ne mai sauƙi a sa na'ura ta tsara sharhi mai kama da na wanda ya yi karatu. Idan aka bar na'ura ta rubuta, wata na'urar ta duba, to, an yi ba a yi ba. Maganin da ya fi kusa shi ne a rage nauyin makin, kuma malami ya riƙa ɗauko sharhin ɗalibi a aji ya nemi mai shi ya faɗaɗa shi da bakinsa.

Kammalawa

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, amma sai an sami mai amsa masa. Haɗa manhajar da dandali aiki ne da ake yi sau ɗaya a wuce wurin. Aikin da ba ya ƙarewa shi ne na malamin da zai zauna kowane mako ya bi gefen shafin, ya ga inda ɗalibansa suka tsaya, ya soma darasi daga nan.