Masai Ujiri ɗan Zariya: gaskiyar labarinsa da gishirin da aka ƙara

A wata fada a Galma, bayan sallar isha'i, muna jiran shayi na biyu, wani saurayi da ya dawo cirani daga Zariya ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani dogon mutum ne cikin kwat, ya rungume kofi. Ya ce, "Yaya, ka san wannan? Bazazzage ne. Ya buga NBA, har ya sayi kulob nasa na kansa a Amurka." Ƙanensa na gefe, yaro ɗan shekara 15 da sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar zaure, ya kasa kunne ko ƙifta ido ba ya yi. Saboda yaron nan na ɗauki alƙalami. Mutumin da ke hoton Masai Ujiri ne, kuma cikin abin da aka faɗa a kansa a daren, zancen Zariya kaɗai ke da tushe.

A Zariya ya tashi, wannan haka yake. Amma an haife shi a garin Bournemouth na Ingila a 1970, iyayensa suka dawo da shi Najeriya yana ɗan ƙarami. Mahaifinsa ɗan ƙabilar Isoko ne daga jihar Delta ta yanzu, mahaifiyarsa likita ce ƴar Kenya. Ba Bahaushe ba ne ta jini, ruwan Zariya dai ya sha ya girma. Ƙwallon ƙafa ya fara bugawa kamar kowane yaro, sai da ya kai shekara 13 ya koma ƙwallon kwando, yana kallon kaset-kaset na wasannin Amurka, Hakeem Olajuwon ne gwaninsa. A nan ya shiga hannun Oliver Johnson, kocin nan Ba'amurke da ya daɗe yana horar da yara a Zariya.

Batun ya buga NBA kuwa, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ƙarya ce, ko wasa ɗaya bai buga ba. Ya tafi Amurka karatu, ya yi shekara biyu yana wasa a wata ƙaramar kwaleji a Bismarck, jihar Dakota ta Arewa, inda sanyi ke daskarar da ruwa. Daga nan ya yi kusan shekara shida yana wasan neman abinci a Turai, har da Ingila da Beljiyam, a ƙungiyoyin da ko sunansu ba a ji a nan. A 2002 ya ajiye wasa ba tare da duniya ta san da shi ba.

Wannan wurin ne masu yaɗa labari suke tsallakewa, ni kuwa shi ya fi taɓa ni. Ya karɓi aikin farauto ƴan wasa wa ƙungiyar Orlando Magic babu albashi. Daga aljihunsa yake biyan kuɗin tafiya, ya shiga wannan ƙasa ya fita waccan, ya zauna a ɗakunan wasa yana rubuta yadda yaro ke gudu da yadda yake riƙe ƙwallo. Kamar dillalin shanu ne a kasuwar Madawa da zai dubi maraƙi ya gaya maka irin bijimin da zai zama. Idon nan ne ya sa Denver Nuggets ta ɗauke shi da albashi. Toronto ta ja shi, Denver ta maido shi a 2010 ya zama mai kula da harkar ƴan wasanta, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA na shekara, mutum na farko da ba Ba'amurke ba da ya samu wannan lambar. Daga nan ya sake komawa Toronto.

Kulob ɗin da ya ci kofi da shi, Toronto Raptors, a Kanada yake. Kuma ba nasa ba ne, mallakar kamfanin Maple Leaf Sports and Entertainment ne, shi shugaba ne da aka ɗauka aiki, har suka raba gari a watan Yunin 2025. Koci ma ba shi ba ne, Nick Nurse ne a lokacin. Aikin Ujiri haɗa ƴan wasa. Shi ya yi ƙundumbalar bayar da DeMar DeRozan, ɗan lelen gari, ya karɓo Kawhi Leonard a 2018, mutane suka yi ta zaginsa. Bayan shekara guda suka doke Golden State Warriors wasa 4 da 2, kofin farko a tarihin ƙungiyar.

Akwai wata jita-jitar da ta fi waɗannan muni, wai ya doki ɗan sanda a daren cin kofin. Ranar 13 ga Yunin 2019 ce, a Oakland. Yana ƙoƙarin shiga fili ya taya yaransa murna, wani jami'in tsaro ya tare shi, daga baya ya kai shi ƙara cewa ya ji masa rauni. Fiye da shekara ana yawo da wannan zargi. A watan Agustan 2020 aka fitar da bidiyon kyamarar da ke ƙirjin jami'in: Ujiri na zaro katin shaidarsa daga aljihun kwat, jami'in ya tunkuɗe shi har sau biyu kafin shi ya mayar. A farkon 2021 mai ƙara ya janye ƙararsa. Duk sanda na kalli bidiyon nan raina ɓaci yake, mutum a daren da ya fi kowane dare a rayuwarsa, ana hankaɗa shi kamar ɓarawon da ya kutso gidan biki.

Abin da na fi jiye wa yaranmu shi ne maganar wai yana kwashe dogayen yara zuwa waje in an biya kuɗi. Gidauniyarsa, Giants of Africa, tun 2003 take shirya sansanonin horo tana gina filaye a ƙasashen Afirka. Pascal Siakam ɗan Kamaru, wanda Toronto ta ɗauka a 2016, ta wani sansanin horo aka gano shi, ya bi ta jami'a a Amurka. Duk wanda ya ce a sayar da buhunan albasa a tura masa kuɗin biza da sunan Ujiri, a kama kuɗin da kyau a nemi shaida.

Da muka tashi, na ja wan yaron gefe na ce in zai koma Zariya bayan girbi ya tafi da ƙanen nasa, ya kai shi filin ƙwallon kwando na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ya ga yadda ake yi da idonsa. Yaron bai taɓa riƙe ƙwallon ba tukuna.